Ranar Da Na Zama Kurma

Kun taso kuna jin mutanen tasha suna kirana Alhaji Kurma, kuma na san abin da kuke zato. Kuna ganin saboda kunnena ne, tunda yanzu sai an tsaya a gefena na dama an ɗaga murya kafin in amsa sallama. Mahaifiyarku ma, Allah Ya jiƙanta, a haka ta bar ku, don ita mace ce mai rufa wa miji asiri ko da bai cancanta ba. To, ba haka ba ne. Sunan ya riga ciwon zuwa da shekaru masu yawa. Sau uku ina fara wannan babin ina yagewa, don kunya nake ji har cikin ƙashina. Amma gara ku ji daga bakina da ku tsince shi a bakin wani bayan an rufe ni.

Kafin Kurma, sunana a tasha Mai Kunne. Na yi shekaru ina jan mota tsakanin Gwaram da Birnin Kudu da Kano, kuma Allah Ya ba ni wata baiwa: ina zaune a benci ina shan shayi, mota za ta shigo, tun direba bai kashe ta ba zan ce masa fulogi ɗaya ya mutu, ko bel ya saki. A buɗe a duba, a tarar haka ne. Bakanikai har haushina suke ji. Ina iya rufe ido a cikin taron mutum ashirin in faɗa muku wanda ya yi tari. Da wannan suna na zama shugaban direbobi, da shi kuma jam'iyya ta ɗauko ni ta tsayar da ni kansila, don an ce duk wanda ya taɓa hawa motata zai jefa mini ƙuri'a. Na ci. Mu goma sha ɗaya ne kansilolin ƙaramar hukumarmu, bakwai na jam'iyyarmu, huɗu na ɗaya jam'iyyar, kuma ni aka zaɓa shugaban majalisa. Aka ba ni kujera mai tudu da 'yar guduma ta katako, na ji kaina ya yi girma har hula ta fara matse ni.

Cikin huɗun nan akwai Sa'idu, mijin gwaggonku Hajara. Ku kun san shi dattijo mai yawan shiru, ni kuwa na san shi tun muna yara, tare muka yi karatun allo, tare muka sha bulala. Ni na kai maganarsa wurin Inna, kakarku, lokacin da yake neman Hajara. Shi ne kansilan mazaɓar da muke kira Tsallake, saboda rafin da ya raba ta da sauran ƙasar. Da rani rafin nan yashi ne kawai, jaki ma ba ya kula shi. Da damina kuwa, idan ya cika, sai ya kwana biyu ko uku babu mai shiga babu mai fita. Riɗi da gero su zauna, mai naƙuda ta zauna, gawa ma ta jira.

Ba za ku gane abin da na yi ba sai kun san yadda gari ya kasance a shekarar nan. Zaɓen ya yi zafi irin wanda ban taɓa gani ba. A tasha mai shayi biyu ne, da kowa sha yake inda ya ga dama, amma shekarar nan kowane ya zama na jam'iyya ɗaya, in aka gan ka a bencin da ba naku ba kafin azahar labari ya kai ofishin jam'iyya. An fasa zuwa sunan juna. Akwai kalma ɗaya da ta fi zagin uwa ciwo a lokacin, wato antifati, mutumin da yake cikin jam'iyya yana yi mata zagon ƙasa. Ana ce maka haka, shi ke nan, ko gaisuwarka ba a amsawa. A yaƙin neman zaɓe kuma mawaƙin su Sa'idu ya saka ni a waƙa, ya ce ɗan kamasho zai je majalisa ya yi lodi. Sa'idu bai sa shi ba, amma bai hana shi ba, na kuwa riƙe abin a raina. Muka koma gaisuwar baki, irin ta mutanen da suka haɗu a layin asibiti.

Akwai wani tsohon magatakarda a majalisar, Malam Buba, shi ke rubuta duk abin da aka yi a zama. Siriri ne, kullum da goro a kumatu, ya ga shugabanni sun zo sun wuce. Makon farko ya zaunar da ni yana koya mini ƙa'idojin zama, ya ga ina hamma, sai ya rufe littafin.

"Alhaji, kai direba ne. Bari in yi maka da yarenka. Ciyaman shi ne totur. Majalisa ita ce birki."

Na ce, "To ai mota ɗaya ce, Malam. Ni da ciyaman jam'iyyarmu ɗaya."

Ya ce, "Mota ɗaya ce mana. Ka taɓa cire birki don kuna shiri da totur?"

Na yi dariya, na ce tsohon nan akwai baki. Har na riƙa ba da labarin a tasha kamar ni na ƙirƙiro.

Yanzu maganar gada. Tun kafin zaɓe an amince za a yi ƙaramar gada a rafin Tsallake, mu ma da muka zo muka sake amincewa da ita a zaman majalisa, da hannuna na buga guduma a kai. Da sanyi ya wuce tifa ta fara sauke tsakuwa da yashi a bakin rafi, aka kawo rodi. Hajara ta zo gida tana murna, ta ce wa Inna bana ko ana tsakiyar ruwa za ta riƙa zuwa mata duk Juma'a. Inna a lokacin ta tsufa, ƙafa ta ƙi, tana ɗakin da yanzu kuke ajiye buhuna. Ba a yi wata ɗaya ba sai ga tifar nan ta dawo, ba don ta ƙara ba, don ta kwashe. Aka loda tsakuwa da rodi aka kai wata mazaɓa da ta ba mu ƙuri'a, wai za a yi musu magudanar ruwa a kasuwa. Ciyaman ne ya ba da umarni, bai tambayi majalisa ba, ko takarda bai aiko ba. Kowa ya san dalili: Tsallake ba ta zaɓe mu ba.

Sa'idu ya kawo ƙudiri. Bai nemi a tsige kowa ba, bai zagi kowa ba. Abu ɗaya ya nema: majalisa ta kira ciyaman ya zo ya tsaya a gabanta ya faɗi da izinin wa ya canza abin da ta amince da shi. Malam Buba ya nuna mini wurin a littafin ƙa'ida da yatsa. Muna da ikon kiransa, shi kuma ba shi da ikon ɗauke aikin ba tare da mu ba.

Ana gobe zama, bayan la'asar, aka aiko ciyaman yana nemana. Na tarar da shi da shugaban jam'iyya a ƙarƙashin darbejiya a gidansa, aka kawo mini kunun aya mai sanyi. Ina so ku sani, ba a ba ni komai ba, ba a kuma yi mini barazana ba. Da an ba ni wani abu da na ce muku talauci ne. Ciyaman mutum ne mai sanyin magana.

Ya ce, "Shugaba, ba gadar ce damuwata ba, gada ko baɗi a yi. Amma in na tsaya gaban Sa'idu yana yi mini tambaya kamar ɗan makaranta, jibi a rediyo za ka ji. Za su ce sun durƙusar da mu a gidanmu."

Shugaban jam'iyya ya karɓe. "Mun san surukinka ne. Shi ya sa idon kowa ke kanka. Ana ta cewa wai Mai Kunne zai yi antifati, ni na ce ƙarya ne."

Na ce, "Wa ya faɗa?"

Ya ce, "Mutane dai."

Babu wanda ya ce mini yi kaza. Ni da kaina na miƙe na ce su kwantar da hankalinsu, ƙudirin nan ba zai wuce ba ina kan kujera. Na fito ina jin daɗin kaina, wai an san ni ɗan jam'iyya ne na gaske.

Da na koma gida na shiga gaida Inna. Labari ya riga ni, don Hajara ta yi mata waya.

Ta ce, "Haruna, gobe ne maganar gadar su Hajara?"

Na ce, "Inna, ba maganar gada ba ce, siyasa ce. Ba za ki gane ba."

Ta ce, "To. Ni dai na san ruwa bai san jam'iyya ba. Ka je ka ji abin da mutane za su ce, tunda an ce kai mai ji ne."

Mahaifiyarku tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ai ji ba ya yi masa wuya, Inna." Na yi kamar ban gane ba na fita.

Washegari da hantsi zauren majalisa ya cika, har da mutanen Tsallake a tsaye ta taga, sun zo a kan babura. Sa'idu ya miƙe ya karanta ƙudirinsa, ya kira ni mai girma shugaba, ni da muka ci tuwo a akushi ɗaya. Ya yi magana gajera. Ya ce yau Tsallake ce, gobe ba a san mazaɓar wa ba, kuma in majalisa ba ta iya tambayar ciyaman ba to a rufe ta a ba 'yan kasuwa su ajiye albasa. Aka yi dariya, har da namu. Wannan dariyar ta ƙona mini rai.

Yadda ake yi shi ne, shugaba ba ya jefa ƙuri'a, tambaya yake yi. Ya ce masu goyon baya su ce e, sannan masu ƙi su ce a'a, sai ya yanke wanda ya yi rinjaye da abin da kunnensa ya ji. Duk ƙa'idar ta dogara ne a kan kunnen mutum ɗaya. Na ce masu goyon baya su ce e. Huɗun can suka ce e da ƙarfi, wannan na san da shi. Amma a ƙarƙashin muryarsu na ji wasu. Na ji Ɗanladi, mai 'yar shaƙaƙƙiyar murya, wanda ke zaune a hagu. Na ji Malam Isa, ya faɗa cikin rawaninsa kamar mai tasbihi. Na ji Garba, ya haɗa da tari don ya ɓoye. Uku daga cikin namu. Sun sunkuyar da kai, ba su buɗe baki sosai ba, sun faɗa daidai yadda ba wanda zai ji sai ni. Sun san kunnena. Da shi suka dogara: su ba za a kira su antifati ba, ƙudiri kuma zai wuce. Na ce masu ƙi su ce a'a, ukun da suka rage suka kwatsa ihu suna dukan tebur kamar su goma.

Bakwai da uku. Ban yi ko shakka ba. Na ɗaga guduma na ce, "Masu a'a sun yi rinjaye." Na buga.

Sa'idu ya miƙe. "Mai girma shugaba, ina neman a ƙirga. Kowa ya ɗaga hannu."

Haƙƙinsa ne, yana cikin littafi. Na dubi ukun nan, na ga Garba yana share zufa. Na gaya wa kaina wai rufa musu asiri nake yi. Ƙarya ce, kaina nake rufa wa. Na ce an riga an yanke, na ɗage zama, na sake buga guduma.

Sa'idu bai yi ihu ba. Ya dube ni ya ajiye mai girma shugaba a gefe, ya ce, "Haruna, ba ka ji ba?"

Na ce, "Abin da na ji na faɗa."

Sai wani daga taga, ban san ko wane ne ba, wannan muryar kaɗai ce ban gane ba a ranar, ya ce, "Ashe Mai Kunne kurma ne!" Kafin in kai tasha sunan ya riga ni. Malam Buba ya kawo mini littafin zama in sa hannu, ya tsaya yana tauna goronsa. Na sa hannu a ƙarƙashin ƙaryata, shi kuma ya busa tawadar ya rufe.

A ofishin jam'iyya an yi mini tafi. Ciyaman ya rungume ni a gaban mutane. Daga ranar kuma bai sake aiko wa majalisa da komai don neman izini ba, sai dai a kawo takarda an gama aiki a ce mu sa hannu. Me zai sa ya tambaya? Ya ga birkin ba ya kamawa. Mukan taru mu sha lemo mu watse. Hajara ta daina shiga ɗakina in ta zo, ta gaida Inna ta gaida mahaifiyarku ta tafi.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Cikin watan da gero ke fitar da kai jikin Inna ya tashi. Ran Talata da safe ta ce a kira mata Hajara. Aka yi waya, Hajara ta taso nan take a bayan babur ɗin Sa'idu, suka iso bakin rafi suka tarar ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. Masu ƙetarar da mutane suka ce ko su ba za su shiga ba. Ta zauna a gaɓa, daidai inda aka taɓa zube tsakuwar. Tsakaninta da Inna bai fi tafiyar rabin awa ba. Suka yini suka koma, Laraba suka dawo, ruwan bai sauka ba. Da hantsin Laraba Inna ta fara kiran sunanta ba ƙaƙƙautawa. Na kira wayar Sa'idu, karo na farko tun ranar zaman, na ce ya ba Hajara. Na durƙusa na kara wa Inna wayar a kunne. Ni daga inda nake ina jin Hajara sarai, tana kuka tana cewa, "Inna, ga ni, ina bakin rafi, Inna ki yafe mini." Inna ta saurara, ta saurara, sannan ta juyo ta dube ni.

"Haruna, ba na jin ta. Ruwa kawai nake ji."

Kafin azahar Inna ta cika. Muka yi mata sutura bayan la'asar. Hajara ta ƙetaro ran Alhamis, zaninta jiƙe har ƙugu, ƙafa duk laka, ta tarar da tabarmin zaman makoki. Na miƙe in yi mata gaisuwa. Ta ce, "Yaya, sannu da haƙuri," kamar yadda za ta ce wa maƙwabci, ta wuce ciki. Ba ta taɓa yi mini maganar gada ba, ko sau ɗaya, har yau. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na sha gaya wa kaina cewa ko an kira ciyaman ba lallai ya dawo da tsakuwar ba, ko ya dawo da ita ba lallai a gama kafin ruwa ba, kuma kwanan Inna ne ya ƙare. Duk wannan zai iya zama gaskiya, ajali na Allah ne. Amma ba a ɗora ni kan kujerar nan don in san gaibu ba. An ɗora ni in faɗi abin da na ji.

Zaɓe na gaba ƙasa ta juya, ɗaya jam'iyyar ta karɓi ciyaman da rinjayen majalisa. Sa'idu bai sake tsayawa ba. Sabon ciyaman ya yi wa Tsallake gadarta, wadda kuke bi yanzu in za ku gaida gwaggonku, amma bai bi ta majalisa ba shi ma, tukuicin ƙuri'a ne. A shekarar kuma ya ɗauke rijiyar burtsatsen da aka amince za a haƙa a unguwarmu ya kai wani wuri. Kansilanmu ya kawo ƙudiri a kira shi. Ina tsaye a tagar nan da mutanen Tsallake suka taɓa tsayawa, na ji sabon shugaban majalisa, yaron da na girmi ubansa, ya ce masu a'a sun yi rinjaye. Aka nemi a ƙirga, ya ɗage zama. Da ya fito ya gan ni, ya rusuna da ladabi ya ce, "Baba, ai a wurinku muka koya." Ba da izgili ya faɗa ba, yabona yake yi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Sa'idu ya sake tambayata sau ɗaya. Shekaru sun ja, yana kwance ciwon da ya tafi da shi, na bi ta kan gadar na je duba shi. A lokacin kunnen hagu ya fara mutuwa da gaske. Muka yi hirar yarinta, muka yi dariyar malaminmu na allo. Da na tashi tafiya ya riƙe hannuna.

"Mai Kunne, tsakaninka da Allah. Ran nan, ka ji ko ba ka ji ba?"

Hajara tana zaune a bakin gado tana yi masa fifita, ta tsayar da maficin. Na dube shi, na dube ta. Sai na kai hannu bayan kunne na ce, "Me ka ce? Ka san kunnen nawa yanzu sai a hankali." Ya yi murmushi ya saki hannuna, ya ce in gaida gida. Bayan kwana tara ya rasu. Wannan ƙaryar ta fi ta zauren majalisa muni, don a ranar babu jam'iyya, babu ciyaman, babu mai ce mini antifati. Ni kaɗai ne da abokina, na ɓuya a bayan ciwon da Allah Ya jarrabce ni da shi.

Yanzu kunnen hagu ya tafi, na daman ma saura kaɗan, na'urar da kuka sayo mini ma ƙara kawai take yi. Ba na cewa sakayya ce, wannan sanin na Allah ne, amma ban taɓa yin ƙorafi a kai ba, kun lura. Abin da nake roƙonku ɗaya ne. Gwaggonku Hajara tana nan da ranta, ido ne dai ya yi rauni. Kada ku jira sai na mutu. Ɗaya daga cikinku ya ɗauki wannan babin ya kai mata, ya zauna kusa da ita ya karanta mata tun daga farko, kada ya tsallake komai. Idan ya zo nan, ya ɗaga murya.

Hajara, bakwai ne suka ce e. Na ji su, ɗaya bayan ɗaya. Tambayar Sa'idu ma na ji ta.